Yadda Ake Amfani da Kalmar "Notwithstanding" a Jimlar Turanci

Duk wanda ya taɓa zama da takardar yarjejeniya ta Turanci a gabansa, ta aiki ce ko ta haya ko ta rance, da wuya ya kai ƙarshenta bai ci karo da kalmar "notwithstanding" ba. Doguwa ce mai haruffa 15, tsohuwa ce ƙwarai, kuma kusan ba a jin ta a bakin mutane sai dai a gan ta a rubuce, shi ya sa masu karatu da yawa suke tsallake ta su ci gaba, da fatan sauran jimlar za ta fayyace musu abin da ake nufi. Wannan tsallakewa tana da haɗari, domin a irin waɗannan takardu sau da yawa ita ce take raba gardama tsakanin sharuɗɗa biyu da suka saɓa wa juna, ta nuna wanda zai yi aiki da wanda za a ajiye gefe. Mutum yana iya fahimtar kowace kalma da ke shafin, amma idan ya juya wannan guda ɗaya, to ya juya ma'anar shafin gaba ɗaya.

Ma'anarta a Hausa ba ta da wuya, "duk da" ce. Wahalar tana wajen mazauninta, domin tana iya zuwa kafin abin da take magana a kansa, tana iya zuwa bayansa, tana iya jan cikakkiyar jimla, tana kuma iya tsayawa ita kaɗai. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, a duk inda ta zauna akwai abubuwa biyu da suka ja daga, kuma wanda kalmar take manne da shi shi ne wanda ya sha kaye. Duk matakan da ke tafe suna komawa ne ga wannan ƙa'ida.

Mataki na farko: warware ta ka ga abin da ke cikinta

Sassa uku aka haɗa aka yi ta, wato "not" da "with" da "standing". Wanda ya san Turancin yau zai ɗauka "with" tana nufin "tare da", amma a tsohon Turanci ma'anarta ita ce "gaba da", kuma wannan tsohuwar ma'ana ce ta saura a cikin aikatau "withstand", wato tsayawa a gaban abu a tare shi ko a jure masa. Saboda haka asalin ma'anar kalmar tamu ita ce "bai tare hanya ba", ko "bai hana ba". Idan aka ce "The rain notwithstanding, they travelled", abin da aka faɗa a zahiri shi ne ruwan sama bai tsaya musu a gaba ba, sun yi tafiyarsu.

Ta shigo Turanci a ƙarshen ƙarni na 14 a matsayin fassarar lafazin Latin "non obstante", wanda yake nufin "ba tare da ya zama cikas ba". Wannan lafazi na takardun mulki ne. Sarakunan Ingila sun daɗe suna sanya shi a takardun da suke bai wa mutum izinin yin wani abu duk da cewa akwai dokar da ta hana, kuma wannan iko yana cikin abubuwan da suka haddasa rigima tsakanin sarauta da majalisa, har sai da dokar da ake kira "Bill of Rights" ta 1689, wadda aka yi bayan an kawar da Sarki James na Biyu daga gadon sarauta, ta hana irin wannan ɗage doka. Na kawo wannan tarihi ne domin yana nuna cewa tun fil azal aikin kalmar shi ne ture wani abu gefe domin wani ya wuce, kuma har yau wannan aikin take yi.

Wajen furuci, gaɓoɓi huɗu ne da ita, kuma ana ɗora nauyi a kan ta uku, wato "stand". Wajen rubutu kuwa kalma ɗaya ce, ba a raba ta.

Mataki na biyu: sanya ta kafin suna

Wannan shi ne mazauninta mafi sauƙi, kuma da shi ya kamata mai koyo ya fara, domin ya yi daidai da yadda "duk da" take zama a Hausa. Tsarin shi ne kalmar ta zo, suna ko yankin suna ya biyo ta, a sa waƙafi, sannan babbar jimla ta zo. Misali: "Notwithstanding the delay, the committee approved the report." Ma'ana, duk da jinkirin da aka samu, kwamitin ya amince da rahoton. Jinkirin shi ne abin da ake tsammanin zai hana, shi ne manne da kalmar, kuma shi ne bai hana ba. Ana iya mayar da wannan yanki ƙarshen jimla ma'anar ba ta canja ba, a ce "The committee approved the report notwithstanding the delay", sai dai a nan ba lallai ba ne a sa waƙafi.

Hanyar da na ga ta fi taimakon mai koyo wajen gina irin wannan jimla ita ce ya fara rubuta maganganun biyu daban-daban, kowace a layinta. A ce layin farko shi ne "The chairman was ill", wato shugaban ba shi da lafiya, na biyu kuma "The chairman attended the meeting", wato shugaban ya halarci taron. Sai ya tambayi kansa, wanne ne cikas, wanne ne abin da ya auku duk da cikas ɗin? Rashin lafiyar ita ce cikas. To ita za a mayar suna, domin kalmar tamu a wannan mazauni suna take so, ba jimla mai aikatau ba. Sifar "ill" sai ta koma "illness", a samu "Notwithstanding his illness, the chairman attended the meeting." Wannan aiki na mayar da sifa ko aikatau suna shi ne ainihin ƙwarewar da ake buƙata a nan, kuma yana da kyau mutum ya saba da irin waɗannan tagwaye: "object" ta koma "objection", "fail" ta koma "failure", "absent" ta koma "absence", "oppose" ta koma "opposition". Idan babu suna da ya dace, ana iya amfani da aikatau mai ƙarshen "ing", a ce "notwithstanding his being ill", wanda daidai ne a nahawu, amma yana da nauyi a kunne, kuma gara a kauce masa in akwai wata mafita.

Akwai sharaɗi ɗaya da ba na nahawu ba ne, na hankali ne, wato dole a sami saɓani na gaskiya tsakanin ɓangarorin biyu. Jimla irin "Notwithstanding the good weather, they enjoyed the trip" ba ta da aibu a tsari, amma ba ta da ma'ana, domin kyawun yanayi ba ya hana jin daɗin tafiya, ƙara shi yake yi. Wanda ya rubuta haka yana nufin "saboda" ne, ya ɗauko "duk da". Kafin ka amince da jimlarka, fassara ta a zuciyarka da "duk da", idan ta yi maka banbarakwai a Hausa, to a Turancin ma haka take.

Mataki na uku: koyi karanta ta idan ta zo bayan suna

A nan ne ake faɗawa rami, kuma a nan zan fi daɗewa. Kalmomin Turanci masu irin wannan aiki kusan dukkansu kafin suna suke zuwa, haka ma "duk da" ta Hausa ba ta taɓa zuwa bayan abin da take magana a kansa. Amma "notwithstanding" tana da ikon komawa baya, kuma dalilin yana cikin asalinta da muka gani, domin tun farko bayani ce a kan sunan, kamar a ce "jinkirin bai hana ba". Saboda haka jimlar da muka gina ɗazu tana iya zama "The delay notwithstanding, the committee approved the report", ko kuma "The committee approved the report, the delay notwithstanding." Ma'anar tana nan yadda take. Jinkirin ne dai manne da kalmar, jinkirin ne dai bai hana ba, illa iyaka ya koma gabanta maimakon bayanta.

Shahararren misali na wannan tsari yana cikin Tsarin Mulkin Amurka, wanda aka sanya wa hannu a 1787. Sashe na 6 ya ce Tsarin Mulkin da dokokin tarayya da yarjejeniyoyin da ƙasar ta ƙulla su ne doka mafi girma, kuma alƙalan kowace jiha dole su bi su, sannan wannan jimla ta rufe da waɗannan kalmomi: "any Thing in the Constitution or Laws of any State to the Contrary notwithstanding". Dubi inda kalmar ta faɗo, can ƙarshe, bayan dogon yanki. Wanda bai san tana iya waiwaye ba zai tsaya yana jiran abin da zai biyo ta, ba kuwa zai ga komai ba sai aya. Abin da take manne da shi yana gabanta, wato duk wani abu a tsarin mulki ko dokokin wata jiha da ya saɓa. Shi ne aka ture gefe, dokar tarayya ta wuce. Fifikon dokar tarayya a kan ta jihohi a ƙasar Amurka yana rataye ne a wannan jimla, kuma kalma ɗaya da ke bakin ƙarshenta ce ta ɗaure ta.

To yaya mai karatu zai gane ko gaba take kallo ko baya? Waƙafi ne jagoransa. Ka sa yatsa a kan kalmar, ka dubi abin da ke biye da ita nan take. Idan waƙafi ne ko aya, to baya take kallo, sunan da ya gabace ta shi ne nata, sai dai in ita kaɗai take tsaye, kamar yadda za mu gani a mataki na huɗu. Idan kuwa suna ne ya biyo ta babu wata alama a tsakani, to gaba take kallo. Gwada da waɗannan biyu: "Clause 5 notwithstanding, clause 2 applies" da kuma "Clause 2 applies notwithstanding clause 5." A ta farko waƙafi ya biyo kalmar, saboda haka sharaɗi na 5 da ya gabace ta shi ne nata. A ta biyu suna ya biyo ta, kuma shi ma sharaɗi na 5 ne. Jimlolin biyu abu ɗaya suke faɗa, sharaɗi na 2 ne yake aiki.

Yanzu dubi abin da kan faru idan marubuci ya yi sakaci da waƙafi, ya rubuta "Clause 5 notwithstanding clause 2 applies". Kalmar ta zauna tsakanin sunaye biyu, kowanne yana iya cewa tasa ce, kuma mai karatu sai ya kai ƙarshe ya dawo baya kafin ya tsinci ma'ana, in ma ya tsince ta daidai. Shawarata ga mai rubutu ita ce, a takardar da haƙƙin mutane ya rataya a kanta ya sanya kalmar kafin suna a kowane lokaci, ya bar wancan tsari na waiwaye ga maƙala da sharhi, inda yake da armashi na musamman. A irin wannan rubutu ya fi kyau idan sunan gajere ne, kamar "His youth notwithstanding, he led the team well", wato duk da ƙuruciyarsa ya jagoranci tawagar da kyau. Idan yankin sunan ya yi tsawo, mai karatu yakan gaji kafin ya kai ga kalmar da za ta gaya masa cewa duk abin da ya karanta cikas ne kawai.

Mataki na huɗu: idan cikakkiyar jimla za ta biyo, da kuma idan ba abin da zai biyo

Wani lokaci cikas ɗin ba ya mayuwa suna cikin sauƙi, dole a bar shi da aikatau ɗinsa. A nan sai a ƙara "that", kamar yadda muke ƙara "cewa" mu ce "duk da cewa". Misali: "Notwithstanding that the deadline had passed, the office accepted the application", wato duk da cewa wa'adin ya wuce, ofishin ya karɓi takardar neman. A tsofaffin rubuce-rubuce ana samun ta ba tare da "that" ba, amma mai rubutu a yau ya sa ta, domin rashinta yana kama da kuskure a idon yawancin masu karatu. Ana kuma ganin "notwithstanding the fact that", wadda ba laifi ba ce, sai dai kalmomi biyu ne aka ƙara ba su ƙara ma'ana ba. A gaskiya duk wannan tsari "although" tana yin aikinsa da kalma ɗaya, kuma a wajen takardun shari'a ita na fi so.

Mazauni na ƙarshe shi ne inda take tsayawa ita kaɗai da ma'anar "duk da haka", tana nuni ga abin da aka riga aka faɗa: "The evidence was weak. The jury convicted him notwithstanding." Hujjar ba ta da ƙarfi, duk da haka masu taya alƙali yanke hukunci suka same shi da laifi. Wannan amfani ya fi sauran tsufa a kunne, kuma "nevertheless" ta kusan maye gurbinsa. Ya isa mutum ya gane shi idan ya gan shi.

Mataki na biyar: lafuzzan da take ciki a takardun doka da yarjejeniya

A ce ga takardar hayar gida a gabanka mai shafi shida. A shafi na biyu, sharaɗi na 4 ya ce duk wanda yake so ya kawo ƙarshen yarjejeniyar, mai gida ne ko ɗan haya, sai ya ba da sanarwar kwana 90. Ka karanta wannan hankalinka ya kwanta, ka ɗauka ba za a tashe ka ba sai da wata uku a hannu. Sai a shafi na biyar, cikin ƙananan haruffa, sharaɗi na 11 ya fara da cewa "Notwithstanding clause 4, the landlord may terminate this agreement on seven days' notice if the rent remains unpaid." Abin da za ka yi a nan shi ne ka ɗauki fensir ka ja layi a ƙarƙashin abin da kalmar take manne da shi, wato sharaɗi na 4, ka koma shafi na biyu ka rubuta a gefensa cewa sharaɗi na 11 ya rinjaye shi. Kwana 90 ɗin nan yana nan, amma ba ya aiki idan kuɗin haya ya maƙale, a lokacin kwana 7 ne kawai. Lura da cewa sharaɗi na 4 bai ambaci wannan togaciya ba ko da kalma ɗaya, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa ake son a karanta yarjejeniya har ƙarshe kafin a sa hannu, domin abin da aka ba ka a farko ana iya rage shi a ƙarshe ba tare da an taɓa rubutun farkon ba.

Dole a san kishiyarta, wato "subject to", domin su biyun kamar fuska biyu ne na tsaba ɗaya, kuma masu koyo suna yawan rikita su. "Subject to clause 11" tana nufin "bisa sharaɗin abin da ke cikin sharaɗi na 11", wato wanda take manne da shi shi ne mai rinjaye. "Notwithstanding clause 4" kuwa wanda take manne da shi shi ne aka rinjaya. Marubuci mai adalci yakan sa duka biyun, ya fara sharaɗi na 4 da "Subject to clause 11" domin ya gargaɗi mai karatu tun da wuri, sannan ya fara na 11 da "Notwithstanding clause 4". Akwai kuma ta uku, "without prejudice to", wadda ba ta fifita kowa, tana cewa ne abin da ake faɗa yanzu bai rage komai daga wancan ba, duka biyun suna tsaye.

Sai lafuzza biyu da suka zama kamar hatimi a irin waɗannan takardu. Na farko shi ne "notwithstanding the foregoing", wato duk da abin da ya gabata. Matsalarsa ita ce bai faɗi iyakar abin da ya gabatan ba. Jimlar da ta wuce ce kawai, ko sakin layin, ko duk shafukan da suka gabata? Na biyu shi ne "notwithstanding anything to the contrary in this agreement", wato duk da wani abu da ya saɓa wa wannan a cikin yarjejeniyar. Wannan ya fi faɗi, domin yana ɗora sharaɗin a kan kowane sharaɗi, kuma yakan nuna cewa marubucin bai tsaya ya binciki wanne ne yake karo da wanne ba, ya dai jefa bargo ya rufe duka. Idan aka sami sharuɗɗa biyu a takarda ɗaya kowanne ya fara da wannan lafazi, kuma suka saɓa wa juna, to an sami sarki biyu a gari ɗaya, kuma takardar ba za ta iya raba su da kanta ba. Saboda haka idan kai ne mai rubutawa, ambaci lambar sharaɗin da kake nufi. Idan kai ne mai karantawa, nemi a nuna maka ainihin sharuɗɗan da aka ture kafin ka sa hannu.

Girman aikin kalmar ya kai har ta zama sunan wani sashe na doka sukutum. A ƙasar Kanada, Kundin Haƙƙoƙi da 'Yanci na 1982 yana da sashe na 33, wanda kowa yake kira "the notwithstanding clause". Sashen ya bai wa majalisar tarayya ko ta lardi ikon ta bayyana a fili cewa wata doka za ta yi aiki duk da abin da ke cikin sashe na 2 ko sassa na 7 zuwa 15 na Kundin, kuma irin wannan sanarwa tana ƙarewa bayan shekara 5 sai dai in an sabunta ta. Lardin Kebek ya yi amfani da shi a 1988 a kan dokar harshen allunan kasuwanci, ya kuma sake yi a 2019. Ƙa'idarmu ta farko ce dai take aiki a nan, sassan Kundin da aka ambata bayan kalmar su ne ake ajiyewa na ɗan lokaci, dokar majalisa ta wuce. A kotunan Amurka ma akwai lafazin "judgment notwithstanding the verdict", inda alƙali yake yanke hukunci saɓanin abin da masu taya shi suka yanke, kuma tsohon sunansa na Latin yana ɗauke da "non obstante" ɗin nan da muka fara da shi.

Mataki na shida: kurakuran da za ka duba kafin ka miƙa rubutunka

Mafi yawa shi ne ƙara "of" ko "to" a bayanta, a rubuta "notwithstanding of the delay". Wannan yana zuwa ne daga kamanta ta da "in spite of" da "regardless of", waɗanda suke buƙatar "of". Ita ba ta buƙatar komai tsakaninta da suna, kamar dai "despite". Na biyu shi ne kuskuren rubutu, ko dai a raba ta biyu ko a sa "non" a farkonta maimakon "not".

Na uku ya fi shafar mu masu tunani da Hausa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A Hausa daidai ne mutum ya ce "duk da cewa ya makara, amma an karɓe shi", inda "duk da" da "amma" suke tafiya tare suna ƙarfafa juna. Turanci ba ya yarda da wannan tagwaitawa. Idan ka fara da "notwithstanding", ba za ka sake sa "but" a farkon babbar jimla ba, saboda haka "Notwithstanding his lateness, but he was admitted" kuskure ne, gyaransa kuwa shi ne a cire "but" kawai. Hannu yakan rubuta ta da kansa ba tare da mutum ya lura ba, domin kunnen Hausa yana jiran ta, shi ya sa ya kamata a sake karanta jimlar musamman don neman ta.

Na huɗu shi ne juya ɓangarorin, a manna kalmar da abin da ya yi nasara. Wanda yake so ya ce an ci gaba da aiki duk da ƙarancin kuɗi, sai ya rubuta "Notwithstanding the progress of the work, funds were short", ya faɗi wata magana daban, wato duk da ci gaban aikin kuɗi sun yi ƙaranci. Abin da yake nufi shi ne "Notwithstanding the shortage of funds, the work progressed."

Mataki na bakwai: yanke shawara ko wurin ya dace da ita

Sanin yadda ake sanya kalma daban, sanin inda ta dace daban. Wannan kalma tufa ce ta zaman majalisa, ba ta zaman hira ba. Tana dacewa a takardar doka, da yarjejeniya, da rahoton hukuma, da maƙalar ilimi, da wasiƙar aiki mai nauyi. A saƙon waya ko wasiƙa zuwa ga aboki tana sa marubuci ya zama kamar mai karanta sanarwa. Ko a cikin hukumomin ƙasashen da Turanci ne harshensu an daɗe ana yunƙurin sauƙaƙa rubutu. A Birtaniya an kafa ƙungiyar Plain English Campaign a 1979 domin yaƙi da rubutun hukuma mai sarƙaƙiya, a Amurka kuma an yi dokar Plain Writing Act a 2010, wadda ta wajabta wa hukumomin tarayya su rubuta takardun da suke yi wa jama'a cikin harshe bayyananne. Masu wannan ra'ayi sukan ba da shawarar a sa "despite" a gurbinta, kuma a mafi yawan lokuta suna da gaskiya.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a yi watsi da ita. Tana da abu biyu da "despite" ba ta da su. Na farko shi ne ikon waiwaye, domin ba a cewa "the delay despite". Na biyu shi ne cewa a harshen doka ta zama alama da kowane lauya yake ganewa nan take cewa ga sharaɗi yana hawa kan wani. Gwajin da nake ba da shawara shi ne ka rubuta jimlarka da ita, sannan ka musanya ta da 'yar'uwarta mai sauƙi: "despite" idan suna ne ya biyo, "although" idan jimla ce, "nevertheless" idan ita kaɗai take. Idan jimlar ta lalace bayan musanyar, to tun farko akwai kuskure a gininta, sai ka koma mataki na biyu. Idan ta tsaya daram, sai ka dubi wanda kake rubuta wa, ka zaɓi wadda ta dace da shi. Kuma ko a inda ta dace, sau ɗaya a shafi ya wadatar, domin tsawonta yana sa a lura da ita duk lokacin da ta fito.

Domin gwada hannu, ɗauki waɗannan maganganu biyu: "The shareholders objected", wato masu hannun jari sun ƙi amincewa, da "The board sold the factory", wato hukumar gudanarwa ta sayar da masana'antar. Cikas ɗin shi ne ƙin amincewar, saboda haka "objected" za ta koma "objections". Da kalmar a gaba za ka sami "Notwithstanding the shareholders' objections, the board sold the factory." Da ita a baya za ka sami "The shareholders' objections notwithstanding, the board sold the factory." Da cikakkiyar jimla kuma za ka sami "Notwithstanding that the shareholders objected, the board sold the factory." Da ita kaɗai, "The shareholders objected. The board sold the factory notwithstanding." Karanta huɗun da ƙarfi, ka duba inda kowane waƙafi ya zauna, sannan ka ɗauko wasu maganganu biyu naka masu karo da juna ka bi da su ta waɗannan hanyoyi huɗu.